Ƙafar Hagu a Kwalin Faifai

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har da sunayen mutanen da muka ci kwano ɗaya da su. Amma makon da kakata ta ga ɓataccen ɗanta a jikin kwalin faifan garmaho ba zai bar kaina ba, sai dai ranar da ƙasa ta rufe mini ido.

Shekara guda ke nan da canja kuɗi daga fam zuwa naira. Lokacin ina ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati a Kaduna, ina haya a ɗaki ɗaya a Unguwar Shanu. Na tara suma kamar kwando, ƙafar wandona ta isa ta share titi, kuma a ganina duk danginmu da ke Rigachikun babu wanda kansa ya waye sai ni. Abin da na fi ji da shi a duniya shi ne wani garmaho mai aiki da lantarki da na saya na hannu.

Shugaban sashenmu, wanda muke kira Oga, bai daɗe da dawowa daga kwas a Amurka ba, ya zo da fayafayai cike da akwati. Wata uku na yi ina yi masa fadanci kafin ya ara mini guda ɗaya ranar wata Juma'a. Kiɗan baƙar fatar Amurka ne, irin wanda ake kira jaz, amma mai sa mutum kaɗa kai ko bai shirya ba, kuma babu waƙa a cikinsa ko baiti ɗaya. Jagoran makaɗan ogan yake kaɗawa, wato wani ƙaton akwatin katako mai madannai da ake latsawa da yatsu, a kuma taka wasu sanduna a ƙasa da ƙafa. Bayansa ga mai jita, ga mai ganga, ga mai busa. Oga ya kafa mini sharaɗi uku: kada yatsa ya taɓa cikin faifan, kada rana ta gan shi, kuma Litinin da safe ya tarar da abinsa a kan tebur.

A ranar ce kuma Iya, mahaifiyar babana, ta iso daga Rigachikun don in kai ta asibiti a duba mata gwiwa. Matar mai gidan hayarmu ta ba ta wurin kwana, amma kafin ta huta sai da ta shigo ɗakina bincike, don ni jika ne, mijinta na wasa.

"Kai miji, wannan sumar ta aure ce ko ta hauka?" in ji ta. "Ɗaki ba tukunya, ba mata, sai akwatin surutu."

Ina shirin ramawa sai na ga idonta ya tsaya wuri ɗaya. Kwalin faifan yana jingine da bango. A jikinsa akwai hoton mai ogan ɗin, an ɗauke shi daga gefe, ya sunkuya kan abin kiɗansa, hannu biyu a sama, ya tuɓe takalmin hagu, ƙafar tana kan sandunan ƙasa daga ita sai safa. Iya ta lallaɓa da gwiwar nan tata mai ciwo ta zauna a ƙasa, ta jawo kwalin kan cinyarta.

"Ina ka samo shi?" ta ce, ba da muryar wasa ba.

"Wa?"

"Mai keke."

Sai in yi muku bayani a nan. Babana yana da wa, ɗan farin Iya, tela ne da ke ɗinki a zauren gidanmu. Lokacin da aka yaye ni ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya ce zai sayo sabon keken ɗinki, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu suka ce an gan shi a bakin teku, wasu suka ce ya kama aiki a jirgin ruwa. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Iya kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ko kafin ya tafi ko bayan ya tafi. In ta kama dole, sai ta ce "mai keke".

Na yi dariya irin ta ɗan boko. Na ce, "Iya, wannan ai mutumin Amurka ne."

"To da ina kake so ya je? Ba an ce jirgin ruwa ya shiga ba?"

"Kuma wannan abin ba keken ɗinki ba ne, abin kiɗa ne."

"Ga mutum a zaune, hannu a sama, ƙafa a kan mataki, ka ce mini kiɗa? A gidan uban wa ake kiɗa da ƙafa?"

A nan na tafka kuskuren da ya jawo komai. Na ce bari in saka mata ta ji da kunnenta. Na ɗora allura. Abin da ya fara fitowa kuwa shi ne wannan amo mai kauri da mutumin yake takawa da ƙafa, dum dum dum dum, ba ya sauri ba ya nawa. Iya ta ɗaga yatsa.

"Ka ji ko? Ɗinki yake yi."

Da sauran makaɗan suka shigo, na ce to wannan fa? Ta ce ai a kasuwa yake, ina ka taɓa ganin kasuwar da ba makaɗa. Da yake a gaban jama'a aka ɗauki faifan, ana jin tafi da sowa nan da can, ta ce ga masu ciniki nan. Can sai mai ogan ya yi wani gurnani, irin wanda makaɗi ke yi in kiɗa ya ratsa shi. Iya ta gyaɗa kai ta ce haka yake yi in zare ya tsinke masa. Duk hujjar da na kawo sai ta karɓe ta ta mayar tata. Kafin magariba ta ba direban motar Rigachikun saƙo, ni kuwa ban ma san ta fita ba.

Lahadi da hantsi ina wanki na ji guɗa a ƙofar gida. Babana ne da goggonnina biyu da dattawan unguwarmu da wasu mutanen da ban taɓa gani ba, mota guda cur, har da buhun shinkafa da akuya. Maƙwabta suka ga taro suka shigo barka. Aka fitar da garmahona tsakar gida aka ɗora kan turmi, mai gidan haya ya jawo waya ta taga, aka shimfiɗa tabarmi, maza a gaba mata a baya. Sharaɗin rana ya karye tun kafin azahar. Na yatsa kuwa ba a magana, domin duk wanda ya zo sai ya karɓi faifan ya juya shi, wata goggo tawa ma har ta turara shi da turaren wuta.

Abin da ba zan iya kwatanta muku ba shi ne yadda mutum wajen hamsin suka zauna shiru, kai a sunkuye, suna sauraren kiɗan da aka yi don rawa kamar masu jin wa'azi. In mai busa ya ja dogon numfashi, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Allah sarki." In gefe ɗaya ya ƙare, a ce in juya, a sake daga farko.

Aka aika aka kira wani tsohon tela da ke bakin layinmu don ya duba keken. Ya sa tabarau, ya kai kwalin kusa da hanci, ya nisantar, ya ƙirga madannan da ɗan yatsa. Sa'an nan ya yanke hukunci cewa ya taɓa jin labarin irin wannan keke, kowane madanni da irin ɗinkinsa, wannan na aska biyu, wannan na wuyan riga, wancan na maɓalli. Aka tambaye shi ina yadin da ake ɗinkawa, tunda ba a gani a hoton. Ya ce ta ciki yake bi, Bature ba ya barin yadi a waje ƙura ta taɓa. Ana cikin haka allura ta maƙale a wani ƙarce da faifan ya samu a hannun jama'a, kiɗan ya riƙa maimaita wuri ɗaya. Tsohon ya ce kada kowa ya damu, zare ne ya harɗe, yanzu zai warware.

Na ja babana gefe. Na ce, "Baba, wallahi wannan ba Baffa ba ne. Wani makaɗi ne na Amurka, sananne ne ma a can."

Babana ya dube ni daga suma har wando. Kalma ɗaya kawai ta dame shi a maganata.

"Makaɗi? Kai, ka san gidan da ka fito kuwa? Tun daga kakan kakanmu babu wanda ya taɓa rataya ganga. Yanzu don ka yi boko shi ne za ka tsaya gaban mutane ka ce yayana maroƙi ne?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba. Cewa na yi ba shi ba ne."

"In ba shi ba ne, me ya kawo hotonsa ɗakinka?"

Kun ga inda na shiga. In na ce kiɗa ne, na zagi baffana. In na ce ɗinki ne, na yarda shi ne. Na juya bayan kwalin na karanta musu sunan mutumin, suna ne na Turawa tsantsa. Babana ya ce wannan ba komai ba ne, shi ma lokacin da ya yi aikin gini da wani Bature, sunan da mutumin ya ga dama yake kiransa da shi. Da suka ji akwai adireshin kamfani a ƙasan kwalin, nan take aka ce in ɗauko takarda.

Wasiƙar nan ta ci shafi huɗu. Aka lissafa masa duk waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa, aka gaya masa rijiyar gida ta rufta an haƙa wata, tsohon tela ya sa aka roƙa masa allura dozin ɗaya ta irin wancan keken. Babana ya ce in rubuta masa ya riƙa sa hula in za a ɗauke shi hoto. Da aka zo kan Iya, aka ce me za a faɗa masa, sai ta juya fuska wajen bango.

"A ce ana gaishe shi," in ji ta.

Litinin na je ofis hannu rabbana. Na tsaya gaban Oga na kwashe labari na gaya masa, ina jiran saukar aradu. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ya ga mutumin nan da idonsa a wani gidan rawa a Amurka, in an tashi aiki zai bi ni gida ya warware maganar cikin minti biyar, ya ɗauko faifansa.

Ai kuwa da la'asar sai ga mu a motarsa. Abin da bai lissafa ba shi ne, tun daga ƙofa na yi suɓul da baka na ce ga wanda ya ga mai hoton ido da ido. Babana, da bai koma gida ba, ya durƙusa yana "ranka ya daɗe". Aka shimfiɗa wa Oga darduma, aka kawo fura. Iya ta zauna nesa kaɗan, ta ja mayafi, ba ta dube shi ba.

"Ɗan nan, an ce ka gan shi."

"E, Iya, na gan shi. Amma abin da nake so in..."

"A ina?"

Oga, mutumin da ba ya rasa sahun gaba a masallacin ofis, ya dubi dattawan da suka kewaye shi. Ya yi gyaran murya. "A wani wurin taro ne."

"Yana da ciniki?"

"Wurin cike yake maƙil. Har layi ake yi."

Aka yi ta hamdala. Tsohon tela ya ce ai dama mai irin wannan keke ba ya rasa aiki.

"Lafiyarsa fa?" Muryar Iya ta yi ƙasa har sai da Oga ya karkato kunne. "Yana cin abinci?"

Wannan mutumin da in ya yi Turanci a ofis har masinja sai ya ƙame, sai ga shi ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, Iya. Ya yi ƙiba ma."

Ya tafi da kaji biyu a bayan mota, ba faifai. Da na raka shi ya ce mini a hankali, "Na bar mata. Amma kai ka gaya mata gaskiya, ni ba zan iya ba."

Washegari baƙi suka watse, ya rage daga ni sai Iya. Likita ya ba ta magani ya sallame ta, amma ta ce ba inda za ta sai amsa ta zo. Wasiƙar kuwa tana aljihuna, ban kai gidan waya ba. Kullum na dawo daga aiki sai in tarar da ita zaune a zaure, inda ba ta saba zama ba, tana duban hannuna kafin fuskata. Ba ta tambaya. In ta ga ba komai, sai ta ce, "Sannu da aiki," ta tashi da ƙyar ta shige ciki. Ta daina tsokanata ma. A nan abin ya daina ba ni dariya. Na ga tsohuwar da ta yi shekara ashirin tana koyon haƙuri, ni da faifan aro mun rushe mata shi cikin yini ɗaya, kuma in na yi shiru haka za ta zauna a zauren nan har ta mutu. Tausayinta ya kama ni, haushin kaina ya fi.

Ranar Alhamis da yamma na kira ta ɗaki. Na fito da wasiƙar na ajiye a gabanta. Na ce, "Iya, ki gafarce ni, ban aika ba. Wannan mutumin ba Baffa ba ne. A can aka haife shi, shi da iyayensa, bai san Hausa ba ko 'zo in kashe ka'. Abin da yake takawa kuma kiɗa ne. Oga kunyarki ya ji." Na ɗauko kwalin na miƙa mata. "Ki dubi fuskarsa da kyau. Ke kin san ba fuskar ɗanki ba ce."

Ta karɓa. Ta daɗe tana dubawa, amma na lura ba fuskar take kallo ba.

"Fuskarsa?" ta ce. "Ina na san fuskarsa?"

Ta ɗora kwalin a cinya ta ci gaba.

"Ina da shekara goma sha shida na haife shi. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke. Tun daga nan in ya shigo ta nan, ni in bi ta can. In ya gaishe ni, ƙasa nake kallo in amsa. Haka aka koya mana, haka na yi, har ana yabona a gari. Shekara ashirin da biyar muna gida ɗaya ban taɓa ɗaga ido na ƙare masa kallo ba." Ta sa babban yatsa a kan ƙafar da ke cikin safa. "Wannan na sani. In na kawo abinci zaure, ita nake gani a kan mataki. Haka yake karkata ta hagu, ya ɗaga diddige. In ina daka a cikin gida ina jin kekensa ta bayan katanga, in na ji shi na san lafiya. Ranar da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakina ya yi sallama. Takalminsa na kalla na ce Allah ya kiyaye."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ita ba ta yi kuka ba.

"Ka ce ba shi ba ne, na ji. Kai ka yi karatu, ba za ka yi mini ƙarya ba." Ta tura mini wasiƙar. "Kada ka aika. Bawan Allah yana neman abincinsa, kada mu rikita shi. Shi ma da uwarsa." Ta gyara zama, ta jingina da bango. "To, mijin banza, me kake jira? Saka mini wurin nan na farko, kafin 'yan kasuwa su fara hayaniya."

Na saka. Amon ƙafar nan ya cika ɗakin, ta rufe ido, tana buga gwiwarta da yatsa a hankali. Da safe ta ce in kai ta tasha. Faifan ta bar mini, don ba lantarki a gidanmu na Rigachikun, kwalin kuwa ta naɗe shi a zane ta tafi da shi. Duk sanda ta shigo Kaduna bayan nan, sai ta ce in saka mata ɗinki, ni ma ban sake ce mata kiɗa ne ba. Babana har ya koma ga Allah yana gaya wa mutane yayansa babban tela ne a Amurka, sai dai ba ya amsa wasiƙa.

Bayan shekara huɗu Iya ta rasu. Da goggonnina suka buɗe adudunta, a ƙasan zannuwa suka tarar da kwalin. Fuskar mutumin tana nan sabuwa fil kamar jiya aka buga. Wurin ƙafar hagu kuwa ya koɗe ya yi fari fat, har takardar ta fara hujewa.

Da aka haifa mini ɗan fari, matata ta fara sunkuyar da kai in an ambace shi, dangi suna yaba mata kunya. Ni na hana. Na ce ta kira shi da sunansa da ƙarfi, ta dube shi ta ƙoshi, duk mai zagi ya zage ni. Kunya ado ce, ban musa ba, amma abin da faifan nan ya koya mini shi ne, wanda kake so ka kalle shi tun yana gabanka, don ba ka san ranar da zai tsaya a ƙofa ya yi sallama ba.